Tsohon Ciki da Aikatau Lokacin Kaka

Idan kaka ta kama, aiki yakan yi yawa har a rasa masu yi. Masu gonaki suna neman masu tsigar gyaɗa da roron wake, a gidaje ana neman masu sussuka da shiƙa, a fadama kuma ana yankan shinkafa. Mace mai himma takan samu a cikin 'yan makonnin nan abin da ba ta samu ba tun farkon damina. Shi ya sa za a ga 'yar ƙungiya da ciki wata bakwai ko takwas ta ɗaure ƙugu ta bi sahun masu aikatau. In an yi mata magana sai ta ce, "To yaya zan yi? Ga haihuwa ta matso, ga zubi duk mako, ga bashin akwati ban gama biya ba."

Maganarta gaskiya ce, kuma babu mai ganin laifinta. Sai dai akwai aikin da kuɗinsa bai kai abin da zai jawo ba. Wannan darasi zai nuna mana abin da ke faruwa a jikin mai tsohon ciki, da aikin da za ta iya da wanda ya kamata ta bari, da kuma yadda ƙungiya za ta sassauta mata tun kafin matsi ya tura ta gonar wani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ke tura ta aikatau?

Mu fara da lissafa abubuwan da ke hana ta barci:

• Kuɗin haihuwa: kuɗin mota ko mashin zuwa asibiti, magani, da kayan da ake cewa a zo da su.
• Kayan jariri da na jego: zannuwa, sabulu, man shafawa, itace, gero da kayan yaji.
• Hidimar suna, ranar bakwai.
• Zubin mako-mako, da bashin da ta ci a akwati in akwai.
• Kwana arba'in na jego, lokacin da sana'arta za ta tsaya cak.

Idan aka bar su a dunƙule a zuciya, sai su yi kama da dutse. Idan aka baje su a faifai ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa wasu na maigida ne, wasu za su iya jira, wasu kuma ƙungiya na da hanyar sauƙaƙa su. Abin da zai rage a wuyanta sau da yawa bai kai yadda take tsoro ba.

Abin da ke faruwa a jiki a watanni ukun ƙarshe

Ciki yakan ɗauki kamar mako 40. Daga mako na 28, wato cikin wata na bakwai, an shiga zangon ƙarshe. A lokacin jariri bai wuce kilo 1 da wani abu ba, amma kafin haihuwa yakan kai kilo 3 ko fiye. Kin ga ke nan yawancin girmansa a waɗannan makonnin yake yi, kuma daga abin da kika ci da jinin jikinki yake samu.

Jinin da ke zagaya jikin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, saboda haka zuciya tana aiki fiye da yadda ta saba ko kina zaune. Ciki ya tokare ƙirji, numfashi ba ya isa kamar da. Gaɓoɓin ƙugu da na baya suna saki don shirin haihuwa, shi ya sa ɗan kayan da kike ɗauka da wasa a bara yanzu yake riƙe miki baya. Nauyi ya koma gaba, ƙafa takan goce da sauƙi, musamman a kan kunya ko a taɓon fadama.

Ga kuma rana. Mai ciki tana saurin jin zafi da ƙishirwa. In ruwan jiki ya yi ƙasa, jiri yakan ɗebe ta, mara ta riƙa murɗawa tun lokaci bai yi ba. Masana lafiya sun lura cewa ɗaukar kaya masu nauyi a kai a kai, da doguwar tsayuwa, da wuni cikin zafin rana, suna ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi. Duk jaririn da ya zo kafin mako na 37 bai cika lokacinsa ba, wanda kuma bai kai kilo 2 da rabi ba yana bukatar kulawa ta musamman.

Wani abin kuma, ƙarshen damina da farkon kaka shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a ƙasarmu. Wannan zazzaɓi yana cinye jinin mai ciki. Macen da jininta ya yi ƙasa, ta haɗa da aikin ƙarfi da ƙarancin abinci, ita ce wadda zubar jini kaɗan wajen haihuwa zai iya kayar da ita.

Kada a ji wannan a ce mai ciki ta kwanta ta miƙe ƙafa. A'a. Tafiya, shara, girki da ƙananan ayyuka suna da amfani ga mai lafiyayyen ciki, sai dai in malamar asibiti ta ce ta huta. Abin dubawa shi ne irin aikin, da tsawonsa, da inda ake yin sa.

Aiki kashi uku ne

Na farko, wanda za ki iya a zaune, a inuwa, ki tashi ki miƙe duk lokacin da kika so:

• ɓarar gyaɗa da tsince ta
• tsigar gyaɗa, in an kawo ta gindin bishiya ko gida
• ɓarar wake da murje masara daga totuwa
• ɓarar zoɓo, yankan kuɓewa da tumatir don shanya
• saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula, ƙulla kayan miya

Ki zauna a kan kujera 'yar tsugunno ki jingina bayanki, kada ki wuni a naɗe a ƙasa.

Na biyu, wanda za ki rage sosai, ki yi kaɗan da sanyin safiya ki bari:

• roron wake da tsinkar barkono, saboda yawan sunkuyo
• shiƙa da bakace, saboda tsayuwa da ƙura da ƙaiƙayi
• turara shinkafa, suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, saboda zafin wuta da hayaƙi

Na uku, wanda za ki bari gaba ɗaya har sai kin gama jego:

• ɗaukar dami, buhu, ko jarkar ruwa cike
• sussuka da surfe na aikatau, irin na wuni guda
• cirar gyaɗa da yankan shinkafa a duƙe cikin rana
• hawa rumbu, tsani, bishiya, ko saman amalanke mai kaya
• feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, shiga gonar da aka yi wa feshi kwanan nan, da wanke kayan mai feshi
• sa wa wake ko hatsi maganin ƙwari, da kwana a ɗakin da aka ajiye buhunan da aka sa wa ƙwayar magani
• aikin da ke nesa da gari, inda in naƙuda ta taso ba abin hawa

Maganin ƙwari guba ne, yana shiga ta fata da ta numfashi. Idan wakenki ne kike son adanawa, buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, in an ɗaure shi da kyau.

Mu yi lissafi

Ga misali, kowace ƙungiya ta sa nata adadin. A ce hannu ɗaya a ƙungiyarku Naira 500 ne, ke kuma kin saba zuba hannu uku duk mako, wato Naira 1,500. Saura mako 8 ki haihu, ga kuma kamar mako 6 na jego. Mako 14 ke nan. In kika dage a kan hannu uku, sai kin nemo Naira 21,000. In kika sauko zuwa hannu ɗaya, Naira 7,000 ce kawai. Bambancin Naira 14,000 ne, kuma sau da yawa shi ne ainihin kuɗin da mace take zuwa sussuka dominsa.

Gaskiya ne ranar rabo kasonki zai ragu. Amma abin da kika riga kika tara yana nan, ba wanda zai taɓa shi, kuma bayan arba'in za ki koma yadda kika saba. Dokar akwati ta yarda mace ta zuba daga hannu ɗaya zuwa biyar. An yi ta ne saboda irin wannan lokaci, kuma saukowa hannu ɗaya ba abin kunya ba ne.

Yanzu ki dubi ɗaya gefen. A ce aikin ya tayar da naƙuda da tsakar dare kafin lokaci. Akwai shatar mota, akwai kwanaki a asibiti, mai yiwuwa da ƙarin jini, ga mai jinya da ita ma ta bar sana'arta. Ki tambayi matan ƙungiyarku da suka taɓa shiga wannan hali nawa suka kashe, ki gwada da ladan aikatau na mako biyu. Kada garin neman gira a rasa ido. Wannan kuɗi ne kawai muka lissafa, ba a maganar rai.

Ki tuna kuma, in da hatsi ake biyan ki, a kaka ne mudu ya fi araha. Wadda ta sha wahala ta samu gero ta sayar nan take, ta sayar da ƙarfinta a farashi mafi ƙasa na shekara. In kin samu ladan hatsi daga aikin zaune, gara ki ajiye shi don kunun jego.

Abin da ƙungiya za ta yi

Irin wannan tsari namu na akwati ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a 1991 tare da ƙungiyar CARE. Tun farko manufarsa ita ce mata su rufa wa juna asiri da abin hannunsu. In har tsoron zubi ya kai mai ciki wata takwas ga ɗaukar dami, to ƙungiya ta sake duba dokokinta. Ga abubuwan da za ku iya zama ku amince a kai, a rubuta su:

1. Sassaucin zubi. Daga wata na bakwai har zuwa arba'in, mai ciki ta sauko hannu ɗaya ba tare da gori ba. Ta iya aiko da zubinta ta hannun wata, kuma kada a ci ta tarar rashin zuwa ko makara.

2. Asusun taimako. Wannan ƙaramin kuɗin da ake zubawa daban duk mako, ku tsayar da adadin da za a ba mai haihuwa, da na gaggawa in an wuce da ita babban asibiti. Kowa ta san adadin tun yanzu. Sanin cewa yana nan kaɗai yana rage wa mace tunani.

3. Kuɗin dare. Akwati na da makulli uku a hannun mata uku, ba a buɗe shi sai a taro. Naƙuda kuwa ba ta jiran ranar taro. Ku amince a ware kuɗin mota daga asusun taimako, a ba wata amintacciya ta riƙe, a rubuta a littafi, a riƙa ƙirga shi a gaban kowa.

4. Lokacin rance. Yawanci ana biyan rance cikin wata uku. Wadda ta ci bashi a wata na bakwai, ranar biya za ta same ta tana jego, ba sana'a. Saboda haka in za a ci bashi a ci da wuri, a gama biya kafin ciki ya tsufa. Wadda bashi ya riga ya hau kanta, ta faɗa a taro tun kafin ranar biya, a duba yadda za a ɗaga mata. Kuma ko da doka ta ce za ki iya ɗaukar ninki uku na abin da kika tara, kada ki ci bashi don hidimar suna. Suna kwana ɗaya ne, biya kuwa wata uku.

5. Gayya. In tana da gayauna ta gyaɗa ko wake, ku ware rana guda ku cire mata, ku kawo mata gida ta yi ta tsiga a inuwa. Gobe wata ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Musayar aiki. In ƙungiya ta karɓi aiki a dunƙule, a ba masu ciki na zaune, masu ƙarfi su yi na ɗauka, a raba lada yadda aka amince tun farko.

7. Mai mota. Ku ajiye lambar direba ko mai Keke Napep guda biyu da suka yarda a tashe su ko da dare. A wasu jihohin Arewa, ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Ku tambaya a tashar da ke kusa da ku ko akwai.

Shugaba da sauran manya su sa ido musamman a kan mai cikin fari. Kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba, balle ta ce ba ta da na zubi. Wata babba ta ja ta gefe ta tambaye ta a asirce. In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a shirya yadda zubinta zai riƙa zuwa tun kafin ta tafi.

Abu guda da ba mu yarda da shi ba: a cire yarinya daga makaranta don ta maye gurbin uwarta a gona ko a talla.

Maganar maigida

Ci da sha, magani da ragon suna suna wuyan maigida. Mata da yawa suna ɗaukar wannan nauyi a ɓoye, don gudun magana ko don tausayinsa. Kaka ita ce lokacin da ya fi dacewa a yi maganar, domin a lokacin ne hannunsa ke da abu. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce, "Malam, ga abin da aka ce a tanada a asibiti. Tunda amfani ya shigo, ko za a ware wani abu tun yanzu?" In bayan girbi zai tafi cin rani, ki nemi ya bar kuɗin mota, ya kuma ba da izini a fili, a gaban mahaifiyarsa ko wani babba, cewa duk lokacin da wani abu ya taso a kai ki asibiti ba sai an jira shi ba. Jiran izini ya sa an makara da mata da yawa.

In ya zama dole ki fita

Akwai wadda mijinta ya rasu, ko ba shi da lafiya, ko ya yi nisa. In babu makawa sai kin yi aikin gona, to ki kiyaye waɗannan:

• Ki fita da sassafe, ki dawo kafin rana ta take. Ki karɓi aikin rabin wuni, ko na awo da mudu wanda za ki tsaya in kin gaji. Kada ki karɓi jingar da sai an gama ake tashi.
• Ki ci abinci kafin ki fita, ki tafi da fura ko kunu da isasshen ruwa. Ki riƙa sha tun kafin ƙishirwa. In fitsarinki ya yi ja kuma kaɗan, ruwa bai ishe ki ba.
• Ki riƙa zama a inuwa a kai a kai. In kin dawo ki kwanta a gefe ɗaya ki ɗan ɗaga ƙafafu.
• In za ki ɗauki abu a ƙasa, ki durƙusa da gwiwa, kada ki sunkuya da baya.
• Kada ki je ke kaɗai. Wata ta san inda kike, kuma a samu waya a kusa.
• In mara ta fara ɗaurewa tana saki, ki ajiye aiki, ki sha ruwa, ki kwanta a gefe. In bai lafa ba, ko yana ƙara matsowa, a tafi asibiti.

Kada ki sayar da ranar awo saboda ladan wuni ɗaya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, kuma 5 daga ciki daga mako na 30 ne zuwa haihuwa. A nan ake gano hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar jariri. A nan ake ba ki ƙwayoyin ƙarin jini na kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda ake so ki sha aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani. Ki gaya wa malamar irin aikin da kike yi, ta ba ki shawara daidai da jikinki. Ki kwana cikin gidan sauro kullum.

Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko aka yi mata tiyata a haihuwar baya, ko take da hawan jini, ko ciwon sikila, ko aka ce tagwaye ne, ko ta ga jini a wannan cikin, ita kam aikin gona ba nata ba ne. Ƙungiya ta fara da ita wajen taimako.

Alamomin da ba a jira da su

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a gona ne ko a gida, da rana ko da dare, a nufi asibiti nan take:

• zubar jini, komai ƙanƙantarsa
• fashewar faya, ko ruwa yana zuba kafin naƙuda
• ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi
• kumburin fuska da hannuwa
• jijjiga ko suma
• zazzaɓi mai zafi
• ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa
• numfashi da ƙyar ko a zaune
• jariri ya rage motsi ko ya daina
• naƙuda kafin wata tara, ko wadda ta wuce awa 12

Kada a tsaya jiƙo ko turare, kada a ce bari gari ya waye. A ɗauki katin awo, a tafi da wanda zai iya ba da jini in an bukata.

Tambayoyin tattaunawa a taro

1. Wane aikin kaka ne mata masu ciki suka fi yi a garinmu? A wane kashi ya faɗa cikin ukun nan?
2. Me dokarmu ta ce game da zubi da tarar mai tsohon ciki da mai jego? Akwai abin da za mu gyara?
3. Nawa ne shatar mota daga nan zuwa babban asibiti da dare? Asusun taimakonmu zai iya biya yau?
4. Wa zai riƙe kuɗin dare, kuma lambar wane direba muke da ita?
5. Su wa ke da ciki a cikinmu da haihuwarsu za ta faɗo a kaka mai zuwa, kuma wace rana za mu yi musu gayya?

Abin da kuka amince a kai, magatakardiya ta rubuta shi a littafin doka, a karanta wa kowa a taro na gaba. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu, amin.